Kaset ɗin Dada

A gidanmu na Soron Ɗinki, da an idar da sallar magariba sai mu jikoki mu yi dafifi a ɗakin Dada, mahaifiyar babanmu. Bafulatana ce da aure ya kawo ta birni tun tana yarinya, amma har ta tsufa ba ta yarda akwai nonon kirki a Kano ba. Takan jawo kaskon garwashi, ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Wanda ya yi gyangyaɗi, gobe ba shi ba fura." Ni kuwa sarkin barci, da yatsu nake riƙe fatar idona.

Tatsuniyar da na fi so ita ce ta kura da ta yafa fatar saniya ta shiga garke. Da yamma makiyayi ya riƙa kiran shanunsa, kowace da sunanta, kowace na amsawa. Kura ta yi tsuru-tsuru, don ba ta da suna a wurin. Nan ya gane ta, ta sha sanda. "Kun ji ko?" in ji Dada. "Wanda ke naka, in ka kira zai amsa." Haka na riƙe maganar, da Hausa tsaf, haka kuma na yi shekaru ina faɗa wa 'ya'yana.

Ina 'yar shekara shida Allah ya yi mata rasuwa. Amma kafin nan Baffa Umaru, ƙanen babanmu, ya dawo daga Hajji da kyamarar bidiyo, ya ɗauke mu a irin wannan zama. Kaset ɗin ya ɓata a cikin kayan Umma, mahaifiyata, sai bara na tsince shi a ƙasan wata tsohuwar kwalla, duk ya yi funfuna. Ba mu da hoton Dada ko ɗaya, balle muryarta. Na rungume shi sai Jakara, wurin wani Malam Sabo mai juya kaset zuwa faifan DVD.

Ya juya shi a hannu, ya girgiza kai. "Hajiya, wannan in na goge masa funfunar, sau ɗaya zai yarda ya zaga. In ya tsinke, sai haƙuri."

"Malam, ka bi shi a hankali, don Allah. Kakata ce a ciki."

Bai tsinke ba. Na kawo faifan gida, na tara yara a gaban talabijin, ina ta cika baki cewa yau za su ji tatsuniya daga bakin mai ita. Hoto ya yi rawa, ya daidaita. Ga Dada, ga kasko, ga ni a gefenta da kitso duk ya tsufa. Ta buɗe baki.

Wallahi ban gane ko kalma ɗaya ba. Fillanci take yi.

Na ɗauka ko gabatarwa ce, za ta dawo Hausa. Ina! Sai ma yarinyar nan mai tsohon kitso ta katse ta, ta zuba Fillanci kamar ruwa, Dada ta yi dariya har tana share hawaye da gefen mayafi. Ni ce. Bakina ne ke motsi.

Na kira Umma a waya na tambaye ta. Ko a jikinta. "Af, ai Dada ba ta taɓa yi muku tatsuniya da Hausa ba. Ke kika fi kowa iyawa. Da ta rasu babanku bai ci gaba da yi muku ba, ni kuma ban iya ba, shi ke nan."

Shi ke nan, wai. Harshe guda ya fita daga kaina ban ji fitarsa ba, har maganar kakata ƙwaƙwalwata ta mayar da ita Hausa ba tare da ta sanar da ni ba. Baba ya rasu, Baffa Umaru ya rasu, 'yan'uwana kuwa duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Ƙaramar 'yata Safiyya ta taɓa ni. "Mama, me kika ce mata take dariya haka?"

Washegari da hantsi na tsaya a soro ina jiran mai tallar nono ta wuce, in roƙe ta ta shigo ta faɗa mini abin da na gaya wa kakata.