Takubba Shida da Hannun Kawu

Ina da shekara ashirin da huɗu lokacin da wani abokina ya ce mu yi fim ɗin faɗa. A lokacin ina aikin walda a wani shago a unguwar Kpakungu cikin Minna, ƙofofi da tagogi muke yi, wani sa'in gadon ƙarfe. Shi kuma abokin nawa, wanda muka yi firamare tare, ya samu kyamara yana ɗaukar bikin aure da suna. Dukkanmu a gidan kallo muka tashi. Fim ɗin 'yan Chana muka fi so, musamman na takobi, inda akta zai tsaya shi kaɗai a tsakiyar mutum goma ya zubar da su ɗaya bayan ɗaya, sannan su gamu da bos a kan dutse su yi ta bugawa har wuta tana tashi daga ƙarfen. Abokina ya ce tunda Minna ba ta rasa duwatsu ba, abin da ya rage mana takubba ne kawai. Tun daga ranar muka sa masa suna Darakta.

Ni aka ba aikin takubban. Na samo sifirin ɗin tsohuwar mota a wajen 'yan gwangwan, na yanka, na goge, na yi musu mariƙi da katako na naɗe da robar taya. Guda shida na yi. Huɗu na bar su ba kaifi, biyu kuma na wasa su sosai don su yi sheƙi idan kyamara ta matso kusa. Da Darakta ya ga ina da tsawo kuma na taɓa zuwa koyon kareti na wata uku, sai ya ce ni ne akta.

Muna atisaye a filin da ke bayan gidanmu duk Asabar bayan la'asar. Mu bakwai ne. Mun haddace faɗan kamar karatu: in kawo sara ta sama, bos ya tare, ya kawo ta ƙasa, in yi tsalle, in juya, mu haɗa takubba mu tsaya muna harare-harare. Bos ɗin wani tela ne ɗan kudancin Kaduna, mai faɗin ƙirji, wanda bai taɓa marin kowa ba a rayuwarsa.

A Asabar ta uku ce Kawu ya gan mu. Wan mahaifiyata ne, manomin doya daga wani ƙauye a bayan Paiko. Mahaifiyata Bagwariya ce, ta musulunta kafin ta auri babanmu, shi kuma Kawu yana nan a cocinsu. Duk lokacin da ya kawo doya kasuwa a gidanmu yake sauka ya yi kwana biyu. Hannunsa na hagu ba shi da ƙaramin yatsa da na kusa da shi, kuma akwai tabo da ya taso daga nan har wuyan hannu. Tun muna yara mahaifiyarmu ta hana mu tambaya, mu ma muka saba da ganinsa har muka daina lura.

Ya ɗauko benci ya zauna a gindin mangwaro yana ɓare gyaɗa. Muka yi faɗan daga farko har ƙarshe, muka ƙara ƙwazo saboda an samu ɗan kallo. Da muka gama Darakta ya je ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ya ka gani?"

"Rawa ya yi kyau," in ji Kawu. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwansa da mace ko namiji a magana.

"Ba rawa ba ce, Baba. Faɗa ne."

"To." Ya jefa gyaɗa a baki. "Wanda ya koya muku, ya taɓa gani an sari mutum?"

Darakta ya ce ai haka ake yi a Chana, kuma su sun shekara dubbai suna faɗa da takobi. Kawu ya ce shi bai san Chana ba, amma ya san adda, kuma ƙarfe duk ƙarfe ne. Ya ce ba wanda yake da hankali da zai tare wani ƙarfe da kaifin addarsa. Darakta ya musa. Sai Kawu ya nuna masu kaifin nan biyu da ke jingine da bango, ya ce da ni da tela mu ɗauka mu buga da gaske, kaifi da kaifi, kamar yadda muke yi a wasan.

Sau uku muka buga. A na farko na ji girgizar ta bi hannuna har gwiwar hannu. A na uku wani ɗan ɓarɓashin ƙarfe ya tashi ya bugi bokitin wanki na mahaifiyata, muka ji ƙarar. Wuta ba ta tashi ba ko kaɗan. Na duba takobin da na ɓata yini biyu ina wasawa, bakinsa ya yi giɓi uku kamar tsohon zarto. Na tela ma haka. A fim ɗinmu mun tsara a haɗa takubba sau arba'in da wani abu a faɗan ƙarshe kawai.

Ni abin ya fi ba haushi, don aikina ne ya lalace. Na ce, "Kawu, ko da ba a tare da kaifi ba, ai wanda ya iya ya iya. Mutum ɗaya da ya ƙware zai iya da huɗu."

Ya tashi ya je bayan katanga inda maƙwabcinmu ya tara karan dawa, ya zaro biyar masu kauri. Ya shiga madafa ya ɗebo gawayi ya daka, ya zuba ruwa kaɗan, ya tsoma bakin kowane kara a ciki. Ya ce in tuɓe rigata in bar farar singileti. Ya ba ni kara ɗaya, ya ba abokaina huɗu sauran.

"Kada kowa ya jira kowa," ya ce musu. "Ku je tare."

Ban san daƙiƙa nawa aka yi ba, amma ba su kai biyar ba. Na tare na gabana, ina tarewa na ji sanyin gawayi a bayana da wuyana da cinyata. Na ce ban shirya ba, a sake. Aka sake. A karo na biyu na samu na shafa wa mutum ɗaya baƙi a kafaɗa, amma ni singiletita ta riga ta zama kamar tsumman goge tukunya. A karo na uku na ja da baya da gudu har na ci karo da igiyar shanya, Kawu ya ce wannan ne karon farko da na yi abin da ya kamata.

Sannan ya ce mu gwada ɗaya da ɗaya, ni da tela. Abin da muka gani ya ba mu mamaki. Sau shida muka kara, sau huɗu dukkanmu biyu muka samu baƙi a lokaci guda. Kuma yawancin baƙin ba a ƙirji yake ba, ba a ciki ba, inda muke sokar juna a fim. A hannu yake, a yatsu da bayan hannu, saboda hannu ne ya fi kusa da abokin faɗa. Ina duba yatsuna da suka yi baƙi ƙirin sai idona ya kai kan hannun Kawu na hagu. Ya ga na gani. Ya koma kan bencinsa ya ci gaba da ɓare gyaɗa.

Darakta mutum ne mai saurin ɗaukar sabon ra'ayi. Kafin magariba ya yanke shawara cewa fim ɗinmu zai zama na farko da zai nuna faɗa na gaskiya. Ya soke duk abin da muka haddace. Sati biyu bayan haka muka hau dutsen da ke bayan Maitumbi da sassafe, kafin rana ta yi zafi, muka ɗauki faɗan ƙarshe yadda Kawu ya nuna. Ni da tela muka yi ta zagaye juna daga nesa, kowa yana tsoron matsowa, sannan muka afka, ya sare ni a hannu, na sare shi a wuya, ya faɗi.

Darakta ya haɗa wannan ɓangaren ya kawo shagonmu da rana ya sa a talabijin ɗin mai gyaran rediyo da ke maƙwabtaka da mu. Mutum wajen goma sha biyar suka taru, 'yan acaɓa da masu gyaran mota da matar da ke sayar mana da shinkafa da wake. Aka kalla. Da tela ya faɗi, matar ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Har an gama?"

Wani ɗan acaɓa ya ce akta matsoraci ne, me ya sa yake ta ja da baya. Wani ya ce shi bai ma ga lokacin da aka yi saran ba, a mayar baya. Aka mayar, ya sake cewa bai gani ba. Maigidana, wanda bai cika magana ba, ya ce abin ya yi kama da rigimar tasha, kuma ba wanda zai zauna ya kalli rigimar tasha a talabijin tunda ana yin ta kyauta kullum.

Muka koma kan tsohon tsarinmu. Na goge giɓin takubban, muka sake hawa dutsen, muka haɗa ƙarfe sau arba'in da wani abu, na yi tsalle na juya, mutanen bos suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya kowa yana jiran a gama da na gabansa. Ƙarar takubban ma ba tasu ba ce, a shago muka ɗauke ta, ina buga guduma a kan bututun ƙarfe. Abu ɗaya kawai Darakta ya bari daga darasin Kawu: a tsakiyar faɗan bos ya sari akta a bayan hannu, muka zuba jan kala.

Fim ɗin ya fito a faifan sidi bayan wata biyar. Bai yi kasuwa sosai ba, amma an kalle shi a unguwarmu, har yara suka yi wata guda suna kirana akta a hanya. Da Kawu ya sake kawo doya, aka yi sa'a akwai wuta da rana, na sa masa. Na zaci zai yi tsaki. Sai ga shi ya matso bakin kujera, yana dariya, yana buga cinya, yana ce wa akta ya yi hankali da na bayansa. Da aka zo wajen saran hannu ya ce jinin ya yi kaɗan, kuma mutum ba ya sake riƙe komai da wannan hannun. Ban da wannan bai kushe komai ba.

Washegari na raka shi tashar motar Paiko, ina ɗauke da buhun gishiri da ya saya. A hanya na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, adda ce?"

Ya ce adda ce. Ya ba ni labarin muna tafe, ba tare da ya rage sauri ba. Yana saurayi, kafin a haife ni, suka yi gardama da maƙwabcin gonarsa a kan wata bishiyar ɗorawa da ke kan iyaka. Dukkansu suna riƙe da adda saboda sharar gona suke yi. Magana ta yi zafi. Ya ce bai tuna wanda ya fara ɗaga hannu ba. Shi dai ya kai sara, addarsa ta juya a hannunsa ta bugi kafaɗar mutumin da gefe, ba ta yanke shi ba. Da mutumin ya kawo nasa saran, sai Kawu ya ɗaga hannun hagu don ya kare fuskarsa. Bai ji zafi ba a lokacin, ji ya yi kamar an buge shi da itace. Sai da ya duba ƙasa ya ga yatsunsa a kan ciyawa.

"Sara ɗaya ɗaya," in ji shi. "Shi ke nan faɗan."

Na ce mutumin fa? Ya ce mutumin ya yar da addarsa ya fasa ihu ya fi shi kuka, ya yage rigarsa ya ɗaure masa hannun, ya goya shi a baya har bakin titi inda suka samu mota zuwa asibiti a Minna. Daga baya dattawan ƙauye suka zauna, suka ce kowace shekara a raba 'ya'yan ɗorawar biyu. Har lokacin da yake ba ni labarin haka suke yi, kuma gonakinsu suna nan maƙwabtan juna.

Da muka isa tasha ya ce in ba shi faifai ɗaya. Na ce ai ba su da wuta a ƙauye. Ya ce ɗan limamin cocinsu yana da janareto da talabijin, ana kunnawa lokacin Kirsimeti. Na koma gida da sauri na ɗauko masa kafin motar ta cika.

Bayan sabuwar shekara mahaifiyata ta je ƙauyen gaisuwa, ta dawo ta ba mu labari. An nuna fim ɗin a harabar coci da yamma, kusan duk ƙauyen sun zo, Kawu yana gaya wa kowa cewa dogon nan ɗan ƙanwarsa ne. Maƙwabcin gonarsa ma ya zo, tsoho ne yanzu da sanda, aka ba shi kujera a gaba kusa da Kawu. Ta ce sau uku aka mayar da faɗan kan dutse saboda mutane sun ƙi tashi, kuma su biyun ne suka fi kowa ihu.