Ranar da Na Nemi Birki a Jirgin Ruwa

Shekarun baya, lokacin ina direba a wani gida a unguwar Shifa ta birnin Riyad, kafilina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, ya kwashi iyalinsa zuwa Holan don gudun zafin Riyad. Cikin ma'aikata mu biyu ya ɗauka: ni, da abokina mai dafa abinci, wani Badamagare mai 'ya'ya shida a gida, wanda duk abincinsu ya rataya a kan iƙamarsa, takardar izinin zamansa a Saudiyya. Larabcinsa bai wuce na kicin ba, saboda haka ni ke yi masa tafinta.

A can maigida ya yi hayar jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, irin wanda ake ba ka ka tuƙa da kanka. Ya tambaya ko na iya. Na bugi ƙirji na ce ai a bakin gulbi aka haife ni.

Abokina ya ce da Hausa, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Gulbin naku na Maraɗi da jaki ke ƙetarewa da rani?"

"Kai dai ka kula da tukunyarka," in ji ni. "Wanda ya tuƙa mota a Riyad, me zai gagare shi?"

Baturen da ya ba mu jirgin ya daɗe yana bayani da Turanci, ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ko kalma biyar ban kama ba.

Kwana biyu aka yi lafiya, sai dai mamaki. Ruwa an yanka shi tituna-tituna, wani wurin ma ya fi gonaki tudu, kana cikin jirgi kana leƙen shanu a ƙasa. In ka fita daga siririn ruwan sai ka faɗa tafki, ka rasa ƙarshensa. Gada kuma a ɗaga ta sama kamar murfin akwati, motoci su tsaya, jirage su wuce.

Rana ta uku bayan Azahar, kowa ya shiga ciki ya kwanta, ban da mahaifiyar maigida, tsohuwa ce sosai, tana zaune a saman jirgin ƙarƙashin rumfa. Abokina yana can gaba yana naɗe igiya. Na hango gada a ɗage, wuta ta koma ja, an fara sauke ta. Halin titin Riyad ya motsa mini. Na danna ham, na ƙara wuta, wai in wuce kafin ta rufe.

Da na ga ba zan sha ba, sai na kai ƙafa in taka birki. Babu komai sai katako. Na taka, na sake takawa. Wallahi sai a lokacin na san jirgi ba shi da birki, baya ake ba shi, kuma tun daga nesa.

Abokina ya saki igiya, ya haura sama da gudu, ya kifar da tsohuwar ƙasa ya rufe ta da jikinsa. Gadar ta share rumfar da kujerar da take zaune a kai gaba ɗaya.

Maigida ya fito a gigice, ya tarar da mahaifiyarsa tana kuka, hannunta a karye, ga mai dafa abinci a kanta. Ita ba ta ga gada ba, abin da ta sani kawai shi ne ya tunkuɗe ta.

"Esh sar? Me ya faru?" ya daka mini tsawa.

Abokina yana haki ya ce, "Alhaji, gaya masa yadda aka yi."

Na buɗe baki na ce da Larabci shi ne ya tsaya a gabana ya tare mini hanya, ban ga gadar ba, kuma da ya tsorata ya faɗa kan Hajiya. Sannan na juya na ce wa abokina da Hausa, "Kwantar da hankalinka, na yi masa bayani."

Sati biyu da komawarmu Riyad aka buga wa abokina bizar fita ta dindindin. Ni na kai shi filin jirgi. A hanya rediyo na kunna.

Na ci gaba da aiki a gidan shekara da shekaru. Sai da furfura ta cika mini gemu na iya gaya wa maigida gaskiya. Ya dube ni ya ce, "Khalas, abin ya wuce." A wurinsa ya wuce.

Daga baya na samo lambar abokina wajen wasu mutanen Damagaram a unguwar Shumaisi. Na kira, na fara kame-kame. Ya katse ni.

"Na sani tun ranar, Alhaji. Ba na jin Larabci, amma ai na ga inda yatsanka ya nuna."

Na ce ya yafe mini don Allah. Sai ya ce babbar 'yarsa ta bar makaranta a shekarar da aka kore shi, kuma ba ta koma ba. "Nawa na yafe. Nata kuma sai ka tambaye ta."

Kuskuren gadar jahilci ne da girman kai, wannan na iya ɗauka. Abin da na faɗa bayansa kuwa da hankalina na faɗe shi. Ya ba ni lambar yarinyar. Tana cikin wayata, ban kira ba tukuna.