Wakilin Garin da Kogi Yake Ci

Ranar Litinin ta farko a watan Yuni akawun ɗakin jira na ma'aikatar ayyuka ta tarayya ya fara ganin Baba Wakili. Tsoho ne siriri, tela ne a da, takalminsa duk laka, alhali ko yayyafi ba a yi ba a babban birnin a ranar.

Masu zuwa kamun ƙafa don garuruwansu sukan zo da manyan riguna da lauya da dogon jawabi. Shi kuwa gwangwani yake kawowa, cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yakan zauna a kujerar ƙarshe har a kira shi, ya dire gwangwanin a teburin darakta, ya ce, "Wannan ce kogi zai ci bana, ranka ya daɗe. Katanga muke roƙo."

Shekara da shekaru haka. Daraktoci suka yi ta canzawa, shi yana nan.

"Baba, ka mai da mana ofis gona," in ji akawu wata rana. "Ko mu shuka masara ne?"

"Kada ka shuka komai a cikinta, ɗana. Tana da masu ita."

"Su wa? Ban taɓa ganin kowa ya rako ka ba."

"Suna da yawa. Tafiyar ce ba sa iyawa."

Akawu ya yi dariya, amma ya kasa zubar da gwangwanayen. Ya jera su a bayan kabad. Abin da ya dame shi, ko na shekarar farko ƙasarsa ba ta bushe ba.

Da wani darakta ya gaji da ganin tsohon, sai ya tura injiniya ya dubo wurin, akawu ya bi shi. Suka tarar da gari ƙofofi a buɗe, ba hayaƙi, ba kukan akuya. Mutane sun daɗe da komawa kan tudu. Baba Wakili ya wuce da su ta kasuwa har bakin gaɓa. Maƙabarta ce, kogi ya riga ya cinye layin gaba.

Tsohon ya yi wa kaburburan sallama da ƙarfi, ya ce, "Ga su, na kawo muku su." Sannan ya nuna wani kabari a gefen ruwa. "Uwar 'ya'yana. Ita ce ta gaba."

Injiniya ya share gumi. "Baba, gwamnati ba ta gina wa matattu katanga."

"Ai lokacin da na fara zuwa wurinku, da ransu."

Ba a gina katangar ba. Baba Wakili ya rasu kafin damina, aka binne shi kusa da matarsa kamar yadda ya nema. A watan Agusta kogi ya tafi da su duka biyun. Gwangwanayen suna nan a bayan kabad. Akawu yana duba su kowace Litinin, har yanzu ƙasar a jiƙe take.