Littafin Ɗalibar Jinya

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ina ɗinkin takalma a Gyadi-Gyadi, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a Tarauni. Malaminmu matashi ne, ya yi digiri kan aikin laburare, amma duk ma'aikatar da ya je sai a ce ya jira sabuwar gwamnati ta zauna tukuna.

Wata rana ya tsaya a rumfata yana kallon yadda nake soka basilla. Ya ce, "Baba, ka san a jami'a an koya mana gyaran littafi? A allo dai."

Na ce, "To allon ne zai ɗinka maka, Malam?"

Muka yi dariya, amma kashegari muka ajiye teburin gyaran littattafai a gefen rumfar. Shi ke jera shafuka, ni ɗinki da sa bango.

Mako biyu ba wanda ya leƙo. Sai ga wata ɗalibar jinya daga asibitin koyarwa da ƙaton littafi a leda, ɗinkinsa ya tsinke, takardun duk sun cakuɗe. Litinin take da jarrabawa. Malam ya ce ta dawo Asabar bayan la'asar.

Ranar Juma'a aka kira shi intabiyu a Kaduna. Ya zo yana sosa ƙeya. "Baba, in ta zo a ba ta haƙuri."

"Haƙuri za ta rubuta a jarrabawar?"

Sai ya nufi tashar Unguwa Uku ya hau mota.

Ban iya Turanci ba, amma na san lambobi. Na shimfiɗa tabarma, na baza takardun, na danne su da tsofaffin dunduniyoyin takalma, ina bin lambar kowane shafi da yatsa. Mai shayin kusa da ni sai tsiya yake: "Likita, a duba ni mana!" Na ci gaba da bin lambobina.

Kafin azahar ta Asabar na gama ɗinki. Da na sake bi, sai na ga daga shafi na tamanin an tsallaka zuwa casa'in da bakwai. Ashe sauran shafukan sun shige ƙarƙashin tabarma. Na yi salati, na ɗauki reza na fara warwarewa.

A haka ɗalibar ta same ni, idonta ya kawo ruwa. Na ce, "'Yata, zauna. Yau za ki tafi da shi."

Muna cikin haka Malam ya sauko daga acaɓa da ambulan ɗin takardunsa a hammata. Ya dube ta, ya dubi tabarmar. Ban tambaye shi labarin Kaduna ba. Ya tuɓe kwat, ya durƙusa, yana kiran lamba ina amsawa, ita kuma tana riƙe min zare.

Ana kiran magariba na shafa gam na ƙarshe. Na ce kada ta bankaɗa shi sosai sai ya bushe. Ta ce to. Ko titi ba ta tsallaka ba na hango ta buɗe shi kaɗan, tana tafe tana leƙawa.