Ɗigo Uku a Gilashin Mota

Dutsen bai kai ƙwallon goruba ba. Muna dawowa daga Nyanya barkar haihuwa, babban ɗana yana tuƙi, ina gaba kusa da shi domin in na zauna a baya hajijiya nake yi, sai wata tifa mai ɗauke da tsakuwa ta wuce mu ta watso shi. Na ji ƙas. Kafin mu shigo Garki tsagar ta taso daga gefena ta ratsa gilashin har gaban direba.

Motar ta marigayi mai gidana ce. Da ya rasu yaran suka bar mini ita, aka mayar da takardun da sunana. Ni ban yi boko ba, ko aji ɗaya. Duk shekara ɗan nawa, wanda yake aiki a wata ma'aikatar tarayya, yakan kawo takardar inshora ya nuna mini wurin, in dangwala babban yatsa. Shekara da shekaru ina dangwalawa, ba mu taɓa neman komai a wurinsu ba sai a wannan karon, su kuma suka ce sai mai motar ta zo da kanta.

Mutumin da aka haɗa mu da shi a ofishin inshorar wani dogo ne mai farar shadda, turarensa har cikin maƙogwarona. Bai gaishe ni ba. Turanci ya yi ta zuba wa ɗana, sannan ya turo mini takarda. Ni kuwa duk takardar da aka ba ni sai na dube ta, in ga inda hatimi yake, in ga ko an bar fili babu rubutu. Ina cikin dubawa ya yi dariya.

"Mama, ki daina wahalar da kanki. Ko a kife na miƙo miki ba za ki gane ba. Kawo yatsan kawai."

'Yan matan ofishin suka ƙyalƙyale. Na juya na dubi ɗana, na ga ya ɗan yi murmushi yana kallon ƙasa. Na dangwala, na goge yatsana da hankici. Amma na riƙe mutumin nan a raina, na kuma riƙe murmushin.

Washegari mutumin ya raka mu wani gareji da suke hulɗa da shi. Mai garejin ya farke kwali a gabanmu ya fito da sabon gilashi, ya jingina shi da bango.

"Mama, wannan orijina ne," in ji shi da irin Hausarsa. "Ita ba ya wasa."

Suka nuna wa ɗana tambari a kusurwa, ya duƙa ya karanta, ya gamsu. Ni abu biyu na gani. Akwai wani gilashin a bayan ƙofa, girmansu ɗaya, an rufa masa buhu. Kuma da ɗana ya tambayi ranar da za mu zo ɗaukar mota, mai garejin bai buɗe baki ba sai da ya kalli mai farar shadda.

Tun ina amarya a Jiwa, in ana biki kowane gida kan aika da kwanoni da faranti, kuma kowace mace tana da shaidarta a gindin kwanonta don kada ya bi wata gida. Tawa ɗigo uku ce ta jan farce, a jere irin duwatsun murhu. Ban taɓa shafa jan farce a hannuna ba saboda alwala, amma kwalbar ba ta barin jakata. Da mazan suka shiga ɗan ofishin garejin, na matsa kusa da sabon gilashin kamar mai neman inuwa, na ɗiga masa uku a kusurwar ƙasa ta gefen da nake zama, ƙanana kamar ƙwayar gero. Na tsaya har suka bushe.

Bayan kwana biyu aka kawo motar gida tana ƙyalli. Na zagaya na duba kusurwa. Babu ɗigo ko ɗaya.

"Ba wannan aka nuna mana ba," na ce wa ɗana.

"Hajiya, ga tambarin nan."

"Tambari liƙa shi ake yi. Ina shaidata?"

Na gaya masa abin da na yi. Ya ce ai sun wanke motar, ruwa ne ya tafi da shi. Ruwan da bai tafi da shi a gindin kwano ba shekara ashirin. Na bar shi. Da muka fita asibiti dubiya ranar Juma'a, na zauna a gaba, sai na ga turakun fitilun titi suna lanƙwasa, suna miƙewa, kamar ina kallonsu ta cikin ruwan randa. Na faɗa. Ya leƙa ta gefensa ya ce shi bai ga komai ba.

Da yamma na ji shi a tsakar gida yana waya, yana neman rana a wurin likitan ido. Na ji ya ce wa matarsa shekaru ne, haka abin yake farawa, yau gilashi gobe wani abin. Daga ranar surukata ta fara yi mini magana a hankali tana ɗaga murya, kamar kurma. Ta karɓi makullin sito wai don ta hutar da ni. Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Gilashi ana sayen wani. Amma in aka yarda idona da hankalina sun tafi, to duk abin da zan faɗa a gidan nan har in mutu, za a ce tsufa ne.

Akwai sauran takarda guda da zan dangwala wa yatsa, ta shaidar an yi aiki na karɓa. Na ce ƙafata na ciwo, a ɗaga zuwa mako mai zuwa. Kowace safiya in ɗana ya fita aiki, sai in ce zan je gaishe da wata ƙawata, in hau tasi zuwa garejin. A tsallaken titi akwai wata Bagwariya mai sayar da shinkafa da wake a rumfa. Na sayi faranti ɗaya na zauna a bayanta. Ta tambaye ni wa nake jira, na ce kwanona nake jira. Ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba, ta matso mini da benci mai jingina.

Kwana uku ban ga komai ba sai ƙura da hayaƙi. A rana ta huɗu wajen azahar wata mota ta tsaya a bakin garejin, irin tawa sak, launi ne kawai ya bambanta. Mai farar shadda ya fito daga ciki, ranar shuɗiya ya saka, ya shige garejin. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na tsallaka na bi ta gefen motar a hankali kamar tsohuwar da ƙafa ta gaza. Suna nan a kusurwa, ƙarƙashin abin share ruwa, su uku, ja wur.

Da yarinya ce ni da a nan zan tara masa jama'a. Na koma rumfa na ƙarasa shinkafata.

Ranar dangwale na saka kwanon sha guda a jaka. A ofis ya turo takarda da tawada, yana waya bai ko ɗago ba. Na naɗe hannuwana.

"A kira mini oganku."

"Mama, oga ba ya ganin kowa haka nan."

"To yatsana ma ba ya ganin takarda haka nan."

Ɗana ya sunkuyo yana cewa Hajiya don Allah, mutane na kallo. Na ce su kalla, ai ranar ma sun kalla. Aka yi ta kai da komo har ogan ya fito, wani dattijo mai furfura. Ya gaishe ni yadda ake gaida babba. Na fito da kwanon na kifa shi a kan tebur, na ajiye kwalbar kusa da shi, na gaya masa abin da na yi a gareji tun daga farko. Sannan na ce a biyo ni inda ma'aikata ke ajiye motoci.

Duk ofishin ya biyo mu. Na tsaya a gaban motar mutumin na nuna da yatsan da yake nema. Dattijon ya duƙa, ya dubi gilashi, ya dubi gindin kwano, ya sake duban gilashi. Mai shadda ya fara Turanci. Na ce ya yi da Hausa, da ita ya zage ni. Ya ce nasa ne ya tsage tun bara, aro ya yi, da niyyar zai mayar. Daga nan ya durƙusa a kan kwalta, yana kirana uwarsa.

"Uwarka ta yi boko?" na tambaye shi.

Ya ce a'a.

"Allah ya ba ta haƙuri da kai."

Ogan ya tambayi abin da nake so. Na ce a kira mai garejin ya ɓalle gilashina a nan inda kowa ke gani, ya mayar a motata. Aka kawo mini kujera ƙarƙashin bishiya. Aikin ya ci wajen awa uku, ban tashi ba sai don in yi salla in dawo. Mutumin yana tsaye a rana, motarsa a buɗe ta gaba, ƙudaje na shiga suna fita. Ɗana ya raɗa mini cewa yana da iyali, in sa baki kada a kore shi. Na ce ban ce a kore shi ba, ban kuma ce a bar shi ba. Har yau ban tambayi yadda suka ƙare da shi ba.

A hanyar gida ɗana ya ce zai soke ganin likita. Na ce kada ya kuskura, ranar da ya sa za mu je.

Muka je. Likitar ta nuna mini allo mai baƙaƙe, na ce ban san su ba, ta canza wani mai zane kamar yatsu uku, in nuna inda suka fuskanta. Na nuna tun daga sama har layin ƙarshe. Ta ce Mama idonki ya fi nawa. Na ce to ga wannan, a zaunar da shi. Ya yi dariya ya zauna. A layi na huɗu ya fara kame-kame, a na biyar ya kasa.

Tabarau yake sawa yanzu, mai kauri. Ni na zaɓa masa firam ɗin, kuma ban zaɓi mai kyau ba.