Sojan da Yaya Habibu Yake Bayarwa

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Habibu makwancinsa, amma a makon nan zama ya gagare ni. In shiga shago, in fito zaure, in leƙa lungu, kamar wanda ya ajiye abu ya manta inda ya sa.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, maɗinkin manyan riguna a Ƙofar Kibo. Wani malamin kwaleji da ke kawo masa ɗinki ne ya koya masa wasan ces, darar Turawa mai sarki da sojoji, wasan kuwa ya kama shi kamar ciwo. 'Yan dara na unguwa suka yi ta masa tsiya, wai ya koma Bature. Da ya rasa abokin wasa, ni ƙanensa na shiga uku.

Buɗinsa ɗaya ne, ba ya sauyawa. Taku na farko ya tura sojan gaban sarki, in tare shi da nawa. Taku na biyu ya tura na kusa da shi daidai bakin sojana, ba mai tsaronsa, ya ce, "Ga sadaka, Isa." Ni kuwa banza ta faɗi, ina zan bari? In cafke, in ƙare wasan ina gadin 'yar ribata, shi kuma hanya ta buɗe masa, dawakinsa sun fito fili, kafin in farga sarkina ba wurin gudu. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Don yawan shiga hannu, sojan nan har ɓata ya yi, Yaya ya cike gurbinsa da kwarkwaron keken ɗinki.

Ba zan yi masa ƙarya don ba ya nan ba: ba kullum yake ci ba. Wani zubin sadakar ta tafi a banza, sarkinsa ya tsaya a fili, a gama da shi. Sai ya yi dariya ya sake jerawa.

Yanzu a waya ake wasan. Ɗansa Muktar, wanda na riƙe tun rasuwar, ya nuna mini wai na'ura ta ce buɗin babansa kuskure ne. Kuskure! Ina ta saƙa abin da Yaya zai ce da ya ji. Ina jin tsaki zai ja, ya ce na'ura ba ta da gaban da zai faɗi, ta ina za ta gane.

Muktar ɗin nan ne ya hana ni sukuni. Ya samu aikin injiniya a Fatakwal, ya ce ko tasha ba zai taka ba sai na sa masa albarka. 'Ya'yana duk mata ne, suna ɗakunansu. Shi kaɗai ya rage mini a gida, shi nake duba in ga Yaya. Na yi ta ja masa rai, yau ka bari mu yi shawara, gobe ka bari in yi istihara, wa'adin da aka ba shi kuma Litinin zai cika. Tsoro nake ji, wallahi, ba wani abu ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kakkaɓe allon ces ɗin Yaya na kira Muktar. Na ɗauki farare, ɓangaren Yaya, ni da kullum baƙaƙe nake riƙewa. Na tura sojan sarki, ya tura nasa. Na kama kwarkwaron nan, na tura.

"Baffa, ai na faɗa maka na'ura ta ce..."

"Ci, Muktar. Ka je, Allah ya yi maka albarka."

Ya daɗe kansa a sunkuye. Da ya ci, bai ajiye kwarkwaron a gefen allo ba, aljihu ya sa.

Rigunan da Yaya ya ɗinka sun koɗe, kekensa ma ya daina aiki. Abin da ya bar mini shi ne mutum ya saki abin da yake so, ba tare da an yi masa alkawarin zai dawo ba. Ban sani ba ko tawa sadakar mai buɗe hanya ce, ko irin wadda ke barin sarki a fili. Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa. Gobe Muktar zai hau mota. Allon na nan a zaure na sake jera shi, gidan sojan nan babu kowa, kuma ban nemi abin da zan sa a wurin ba.