Likitan Haƙorin da Na Hana Ɗaki Ranar Kasuwa

Cikin shekarun da na yi ina aikin lafiya, akwai wata ranar Litinin da har yau ba ta fita daga raina ba. Lokacin ni ce shugabar wani ƙaramin asibiti a wani gari da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Ɗakuna huɗu gare mu: na awo, na haihuwa, na magani, da wani da ba mu cika amfani da shi ba. Ba mu da likita. Abin da ya fi ƙarfinmu mukan rubuta takarda mu tura Kazaure, kuma ciwon haƙori na cikin abin da muke turawa.

Da hantsi ina tsakiyar awon masu ciki sai ga wani mutum ya sauka daga mota, da farar rigar likitoci da akwatin ƙarfe a hannu. Ya yi sallama cikin ladabi, ya ce sunansa Dakta Nafi'u, likitan haƙori ne daga Kano. Ya miƙo mini 'yar takarda daga Malam Sabo, mai kula da sashen lafiya a ƙaramar hukumarmu, wanda shi ne shugabana. Takardar ta ce in ba shi ɗakin da ba ma amfani da shi ranar Alhamis, ranar kasuwar garin, ya duba mutane ya cire haƙoran da suka lalace.

Da farko murna na yi, don na san yadda mutanenmu ke shan wahala. Amma da na kai shi ɗakin, sai na lura da irin tambayoyinsa. Ya tambayi yawan mutanen da ke cin kasuwar, ya tambayi ko Fulanin rugage na shigowa, ya tambayi ko 'yan ƙetaren iyaka na zuwa. Bai tambayi tukunyar da muke dafa kayan aiki ba. Bai tambayi na'urar awon jini ba, balle abin da za mu yi in jini ya ƙi tsayawa. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin an cire haƙori a asibiti, waɗannan yake fara nema.

Na ce, "Dakta, don Allah in ga takardunka, in rubuta a littafinmu."

Ya yi murmushi ya ciro kwafin takardar kammala jami'a, an lulluɓe ta da leda. Na ce wannan na gani, saura lasisi.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, takardar jami'a kaɗai ba ta ba mutum damar taɓa bakin kowa. Akwai hukuma ta ƙasa da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista, ta ba kowa lambarsa. Bayan haka akwai lasisin aiki da ake sabuntawa duk shekara. Masu taimaka wa likitan haƙori ma suna da tasu hukumar da tasu rajistar, da iyakar abin da aka yarda su yi.

Ya ce, "Hajiya, lasisina yana jikin bango a ofishina. Wa ke yawo da shi? Ai Yallaɓai ya riga ya gani."

Bayan ya tafi na kira Malam Sabo. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ga lasisinsa?"

Ya ce, "Kansila ne ya kawo shi, kuma na ga takardarsa. Ke dai Hajiya Talatu kin cika bincike. Mutum ya zo taimakon talakawa, ki buɗe masa ɗaki kawai."

Na ce to, amma ban ce na buɗe ba.

Washegari Dakta Nafi'u ya turo mini hoton lasisi ta waya. Sunan ya fito, lambar rajista ta fito, amma daidai wurin shekara da wurin hoton fuska haske ya haske su, kamar an ɗauka ta cikin gilashi. Na roƙi ya sake ɗauka. Ya ce ba ya ofis. A ranar kuma sai na ji sanƙira yana zagaya gari da lasifika, wai babban likitan haƙori zai zo asibitinmu ranar Alhamis. Sunan asibitinmu ake kira, ni kuwa ba wanda ya tambaye ni.

Da la'asar dagacin garin ya aiko a rubuta sunan yayarsa, Gwaggo Dije, a farkon layi. Gwaggo Dije tsohuwa ce da ke karɓar maganin hawan jini da na suga a wurina, kuma kwana uku ke nan kuncinta a kumbure.

Ranar Laraba na bar abokiyar aikina a asibiti, na hau babur zuwa bakin titi, na shiga mota sai Kazaure. Na je wurin Dakta Rahila, likitar haƙorin da muke tura wa marasa lafiyarmu, 'yar Filato ce da ta daɗe a garin har Hausarta ta fi ta wasunmu. Na nuna mata hoton. Ta ƙara girmansa, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Shekarunsa za su kai nawa?"

Na ce bai wuce talatin da biyar ba.

Ta ce, "Wannan lambar ta girmi tawa nesa ba kusa ba, ni kuwa na kusa ritaya. Amma kada mu yanke hukunci da ka. Bari mu tambayi masu littafin."

Ta tura sunan da lambar ga wani jami'i a ma'aikatar lafiya ta jiha, wanda aikinsa shi ne sa ido kan masu aikin likita. Ya ce zai tuntuɓi hukumar rajista. Na zauna a benci ina jira, ina ta saƙe-saƙe. In mutumin nan na gaskiya ne, na ɓata da shugabana, na ɓata da kansila, na kuma ci mutuncin bawan Allah a banza. Sai bayan la'asar amsa ta zo. Lambar ta gaske ce, amma ta wani dattijon likita ce da ya daina aiki shekaru da dama saboda rashin lafiya. Sunan ƙarshe ɗaya ne da na hoton, sunan farko ne aka canza. Babu wani Nafi'u a rajistar likitocin haƙori, babu shi kuma a ta mataimakansu.

Na kira Malam Sabo na gaya masa. Ya ce, "Kin tabbata?" Na tura masa saƙon jami'in. Ya ce in yi abin da ya dace, shi yana da taro gobe.

Ranar Alhamis tun kafin ƙarfe takwas bencinanmu sun cika, wasu sun shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, da yawansu riƙe da kunci. Dakta Nafi'u ya iso ya tarar da ɗakin a kulle, makulli yana jakata. Na ja shi ofis na rufe ƙofa, don ban so a taru a kansa.

Na ce, "Mai wannan lambar, mene ne tsakaninku?"

Ya dube ni, ya dubi ƙofa. Can ya ce, "Baffana ne. Shekara tara ina tsaye a gefensa ina miƙa masa kaya. Wallahi Hajiya, na fi wasu masu digirin iya cire haƙori."

Na ce, "Wataƙila. Tsohuwar da ke farkon layi tana da hawan jini da suga, kuncinta ya tara ruwa. Me za ka yi mata?"

Ya ce, "Allurar kashe zafi, a cire, ta huta."

Na ce ya ɗauki akwatinsa, kuma na gaya masa gaskiya cewa ma'aikata ta riga ta san da maganarsa. Ya fita ta ƙofar baya, ya ja motarsa.

Abin da ya biyo baya ya fi mini wuya. Na tsaya a baranda na yi wa mutane bayani, amma ba wanda ya gode mini. Wani dattijo daga ruga ya ce tun asuba ya baro shanunsa. Wata mata ta ce baƙin ciki nake yi, don ba ta hannuna abin ya biyo ba. Gwaggo Dije ta kira ni da hannu, ta ce, "Talatu, ni takarda zan ci? Kwana biyar ban runtsa ba. Ko maƙeri ne, ki bar shi ya cire mini."

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yi mini haƙuri, yau ɗin nan da kaina zan kai ki."

Dagaci ya ba da mota ba tare da ya dube ni ba. A Kazaure Dakta Rahila ta auna jininta ta ga ya hau sosai, sugan ma haka. Ta ce ba za ta taɓa haƙorin a ranar ba. Aka kwantar da ita kwana uku ana ba ta magani, kumburin ya saɓe, jinin ya sauka, sannan aka cire. Da dagaci ya zo ɗaukarta, Dakta Rahila ta yi masa bayanin abin da kan iya faruwa in an cire haƙori a wancan halin ba tare da shiri ba. Mako na gaba dagacin da kansa ya raka ni wurin Malam Sabo, muka nemi a riƙa turo mana ma'aikacin haƙori mai rajista lokaci-lokaci. Ya ɗauki watanni kafin a fara. Nafi'u kuwa, na ji an gan shi a wata kasuwa wajen Babura, na sanar da jami'in ma'aikata, daga nan ban ƙara jin labarinsa ba.

Ku da kuka fara aiki yanzu, ga abin da na ɗauka daga wannan. Wanda haƙori ya hana barci ba zai tambayi lasisin kowa ba, kuma bai kamata a zarge shi ba. Yana ganin mutum a cikin ɗakinmu, ya gama yarda da shi. Saboda haka tambayar tamu ce. Ku nemi lambar rajista, ku nemi lasisin shekarar da ake ciki, ku haɗa fuska da hoto, sannan ku tambayi masu riƙe da littafin, ko da wa ya turo mutumin. Likitan gaske ba ya jin haushin wannan tambaya. Kuma ku shirya wa fushin mutane, don ranar da kuka kare su, yawanci su ne za su fara zaginku.